Takardar Kulu da Lauyoyin Hawa na Tara

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan babi. Sau uku ina sayen littafin rubutu a Fordham Road, in cika shafi ɗaya ko biyu, in yage, in kai takardun can kwandon shara na bakin titi don kada wani a gida ya tsinta. Karatuna bai wuce lakwal ba, wato makarantar bokon ƙauyenmu, aji shida, kuma ni mutum ne mai tsoron takarda tun ina yaro. Amma shekaru sun ja, gwiwoyina sun fara ƙin matakalar unguwarmu Highbridge, kuma na lura kowannenku, 'ya'yana, yana riƙe da gutsuren labarin nan, babu mai shi cikakke. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar da zan yi magana a kanta ba, ba zan faɗi cikakken sunan kowa ba. In na yi kuskure wajen bayanin doka, nawa ne, kada a ɗora wa mutanen.

Aikin da na fi daɗewa a kansa a garin nan na Amirka shi ne shara da goge-goge a wani dogon bene a Manhattan. A hawa na tara akwai ɗakin taro da wasu lauyoyi Yahudawa suke ara sau ɗaya a wata. Lokacin da na fara ba su cika tebur ɗaya ba, duk tsofaffi ne, wasu da 'yar ƙaramar hula a tsakar ka, wasu babu. Aikina in jera kujeru, in dafa kofi, in sun tashi in wanke kwanuka. Babbansu wani dattijo ne da kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, sunansa a bakinmu Haruna, don haka nake ce masa Mista Haruna. A taro na biyu na yi ɓarnar da na ɗauka ita ce ƙarshen aikina. Suna da faranti kashi biyu, masu jan baki na nama, masu shuɗin baki na madara da cuku, kuma a addininsu ba a haɗa su. Ni kuwa na tara su a ruwa ɗaya, na wanke da soso ɗaya, na jera su ina jin daɗin ƙyallinsu. Mista Haruna ya shigo ya tsaya yana kallo.

“Yusufu, wa ya ce ka haɗa su?”

“Ba kowa, yallaɓai.”

“To wa ya ce ka raba su?”

“Ba kowa.”

“Ashe laifin namu ne. Lauyoyi cike da ɗaki, an rasa mai yi maka bayani.”

Ya zauna ya yi mini bayanin, na gaya masa mu ma muna da abin da ba ma ci. Daga ranar, in abinci ya rage, shi da kansa yake naɗe mini, ya ce in kai wa iyali, babu alade a ciki, babu giya.

A gabana ƙungiyar ta girma, kuma ni da kujeru nake gane girmanta. Na ɗakin suka daina isa, na riƙa aro daga hawa na takwas, daga baya suka sayi nasu masu naɗewa, aka ba ni mabuɗin ɗakin ajiyarsu. Mata suka shigo, matasa suka shigo, har da waɗanda ba su gama karatun lauya ba, tsofaffin suna haɗa kowane da wani babba ya riƙa nuna masa hanya. Suka kama ofis na kansu, ɗaki biyu. Ana kiran alƙalai su zo su yi lacca, ana gardama har jijiyar wuya ta tashi, in an gama a ci abinci tare kamar ba a yi ba. Sau ɗaya a shekara suna babbar liyafa a otal, ni ma a ba ni farar riga in tsaya bakin ƙofa. Ranar Juma'a da wuri suke tashi, musamman lokacin sanyi da rana take saurin faɗuwa, ranar Asabar kuwa, ranar hutun addininsu, ko waya wasunsu ba sa ɗauka. Sai wata shekara suka fara zaman ba da shawara kyauta. Da fari don tsofaffinsu da suka zo daga wasu ƙasashe ba su iya Turanci ba, daga baya suka ce kowa ya zo. Shugabar wannan sashe wata mace ce gajera mai saurin magana, Madam Maryama. Ita ta ce a kai zaman Bronx, inda masu buƙata suke, ranar Lahadi, a ɗakin ƙasa na wani ɗakin karatu. Da yake a can nake zaune, ni aka ce in riƙa buɗe wuri ina jera kujeru.

Yanzu sai in koma gida, don a gane abin da nake ɗauke da shi a wannan shekara. Ina da wa, Yaya Habu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya rasu a ƙauyenmu, gabas da Tasawa, 'yarsa Kulu tana goye. Bayan matarsa Zinatu ta fita takaba, yarinya ta isa yaye, manya suka zauna suka ce Kulu tawa ce, ni zan riƙe ta. Haka ake yi. Ɗan wanka ɗanka ne, ba a ma tsayawa bayani. Matata Rabi tana da cikin fari a lokacin, ta karɓi yarinya ta goya ta a kan cikin. Da za a yi wa Kulu takardar haihuwa, na je da shaidu biyu, aka tambayi sunan uba, shaidu suka nuna ni, aka rubuta. Da na ci cacar bizar Amirka, mai cika mana takardu a Yamai ya ce, 'ya'yanka nawa? Na ce uku. Wallahi ko ɗar ban ji ba. Muka zo da ita tana 'yar shekara biyar, ta tashi a Highbridge ba ta san wani uba ba sai ni. Ni da Rabi muna cewa za mu gaya mata in ta yi hankali. Ta yi hankali, muka ce bari ta gama makaranta.

A shekarar da nake magana Kulu ta shiga karatun aikin jinya, ita ce kuma ta matsa mini in nemi zama ɗan ƙasa. Ta buga mini fom ɗin, muka zauna a teburin kicin bayan la'asar tana karantawa tana fassara mini da Hausarta mai gutsure-gutsure. Muka zo wurin 'ya'ya. Ta ce kowane ɗa sai an faɗi ko na cikinka ne, ko agola ne, ko wanda ka ɗauka ta hanyar kotu. Ta rubuta sunanta a farko, ta sa alama a na ciki, ta wuce. Can gaba ta karanta wata tambaya: ka taɓa ba ma'aikacin gwamnati bayanin da ba gaskiya ba don ka shigo ƙasar nan? Ta yi dariya.

“Baba da ko jan wuta ba ya tsallakawa a ƙafa? No.”

Ta ce saura in sa hannu, kuma ranar ganawa zan ɗaga hannu in rantse duk abin da ke ciki gaskiya ne. Na ce kaina yana ciwo, a bari sai gobe.

Goben nan ta kai wata huɗu. Fom yana cikin aljihun rigar sanyina, na naɗe shi a leda. In na sa hannu na rantse a kan ƙarya ina sane, wannan tsakanina da Allah ne. In na faɗi gaskiya, na ji ana cewa wanda ya shigo da takardar da ba daidai ba ana ƙwace katinsa na izinin zama a mayar da shi, ko ya yi shekara nawa. Ni in aka mayar da ni, ina da gonar gado. Kulu fa? Ba ta san kowa a can ba, ko gaisuwa ba ta iya kaiwa ƙarshe da Hausa. Abinci ya daina shiga. In na ga farar ambulan a akwatin wasiƙa sai in rufe akwatin in wuce. In aka ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi, ko mai gyaran famfo ne, sai na tambayi ko wane ne kafin in buɗe. A jirgin ƙasa in na ga mai kaki ya shigo, in sauka a tashar da ba tawa ba. Rabi ta ce:

“Malam, ka jefar da takardar nan mana. Da katinmu muke zaune lafiya, wa ya aike ka?”

“In na jefar, Kulu za ta cika nata baɗi. Ita za ta rantse.”

Rabi ta ci gaba da tsince shinkafa.

Mutum ɗaya na gaya wa a waje, abokina Alhaji Ɗanjuma, mutumin zangon Kumasi ta Gana mai teburin huluna da turare a Fordham Road. Na ce masa ina tunanin in tambayi lauyoyin wurin aikina. Ya ajiye abin da ke hannunsa.

“Kai mutumin Nijar, rana ta taɓa ka ne? Lauya da gwamnati ai kwano ɗaya suke ci. Kuma waɗannan, ka san su, sun san ka? Ka sa hannu kawai. Rabin masallacinmu haka suka zo, wannan ɗan ƙanwa, wancan ɗan maƙwabci. Wa ya mutu?”

“Rantsuwa ce fa, Alhaji.”

“To ka yi azumi uku bayan nan! Ni na ga matsoraci, amma irinka sai an yi oda.”

Na yi dariya don kada ya ji kunya, amma maganarsa ta ƙara mini wani tsoron. In na faɗa musu suka kai ni fa? In ba su kai ni ba, suka ce mai ƙarya ba zai riƙe mabuɗinsu ba?

Lahadi bayan Lahadi ina jera kujeru a ɗakin ƙasan nan, ina kallon mutane suna zama gaban lauyoyi, 'yan Gambiya, 'yan Dominika, wata tsohuwa 'yar Rasha da take zuwa kullum da jakar takardu. Ina duba fuskokinsu in sun tashi, ina jira in ga an biyo wani. Ban ga an biyo kowa ba. Ran nan, wajen ƙarfe huɗu, kowa ya watse, saura Madam Maryama tana tattara kayanta. Na naɗe kujeru duka sai ɗaya, wadda ke gaban teburinta. Na kama ta zan naɗe, na fasa. Sai na zauna.

“Yusufu, ka gaji ne?”

“Madam, in mutum ya faɗa miki magana a kujerar nan, ina take zuwa?”

Ta mayar da jakarta ƙasa. Ta ce ba ta zuwa ko'ina. Ba gwamnati, ba shugaban aikina, ko Mista Haruna ba zai ji ba sai da izinina, kuma in ta fitar da ita za a iya hana ta aikin lauya har abada. Na ce ta maimaita. Ta maimaita a hankali. Na ciro ledar, na faɗa mata maganar Kulu duka.

Na yi tsammanin za ta yi fushi, ko ta ce ba komai. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta yi ta tambaya tana rubutawa, wa ya zauna a taron da aka ba ni Kulu, wa yake da rai, akwai takardar rasuwar Yaya Habu. Ta ce kada in sa hannu a fom ɗin, kada kuma in sake cewa uffan ga Alhaji ko wani. Ta ce maganar babba ce, ba za ta yi mini alkawarin komai ba, amma wanda ya kai gaskiyarsa da ƙafarsa, da hujja, ba ɗaya yake da wanda aka kama ba. Sannan ta ce:

“Uwar yarinyar ta yarda?”

Na buɗe baki in ce ƙwarai, sai na tsaya. Ranar da aka kawo Kulu ina zaure tare da maza. Gwaggonmu ce ta shiga ta fito da ita. Ban ga Zinatu ba, ban tambaya ba, ba wanda ya tambaya. Bayan wata biyu ta koma gidansu, daga baya na ji ta auri wani mai fataucin albasa sun yi kudu.

“Ban sani ba, Madam.”

“To. Abu na biyu, Kulu ba yarinya ba ce. Takardarta ce, rayuwarta ce. Ba zan taɓa komai ba sai ta ji daga bakinka.”

Na roƙe ta ta faɗa mata da kanta, da Turancin da za ta gane. Ta ce a'a.

Ranar Asabar da hantsi na tara su a falo, Rabi da Kulu da ƙannenta biyu. Na faɗa da Hausa, ina kallon kafet. Kulu ta ce in sake faɗa, ta ɗauka ba ta fahimta ba ne. Na sake. Sai ƙanenta, ɗan farina, wanda ba na kiran sunansa sai dai in ce Magaji, ya ce da Turanci ai wannan ba zai yiwu ba, duk gidan nan wa Baba yake so kamar Kulu? Ita yake kira da sunanta, ita yake wasa da ita, shi kuwa ko sunansa ba a taɓa faɗa ba. Rabi ta ce:

“Kai, ai shi ya sa. Ɗan fari ba a kiran sunansa, kunya ake yi. Duk Bahaushen da ya shigo gidan nan ya ji ubanku yana kiran Kulu gatsal, ya san ba ita ce ta fari ba.”

Ashe shekara da shekaru duk baƙon da ya sha shayi a falon nan ya sani, 'ya'yana ne kaɗai ba su sani ba. Kuma ashe Magaji ya tashi yana ganin ba na son shi. Wannan ban taɓa zato ba, kuma ina so ya karanta a nan cewa kunya ce, irin wadda ubana ya yi mini. Kulu ta miƙe, ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, “Na gode, ankul.” Ta koma wurin wata ƙawarta a Harlem. Wata uku ba ta taka gidan ba.

Amma ta je wurin Madam Maryama, ita kaɗai. Aka ba ta lauya nata dabam daga cikin ƙungiyar, wani mai ƙaramar hula, don sun ce kada lauya ɗaya ya riƙe ni ya riƙe ta. Aka yi ta aike gida. Maigari ya ba da shaida a rubuce yadda ake riƙo a wurinmu, shaidun nan biyu ɗaya ya rasu, ɗayan ya dangwala yatsa. Aka samo takardar rasuwar Yaya Habu. Madam ta nemo wani malamin jami'a da ya san al'adunmu ya rubuta bayani. Zinatu ce kaɗai aka nema aka rasa. Ranar ganawa Madam ta zauna kusa da ni, na ɗaga hannu na rantse, na faɗi komai. Ba a ba ni zama ɗan ƙasa a wannan karon ba, sai bayan wasu shekaru da na sake nema. Maganar katinmu ta daɗe tana jan ƙafa, ana kira ana ɗagawa, kowace wasiƙa sai na kai wa Madam a rufe ta buɗe da kanta. A ƙarshe aka bar mini nawa, na Kulu kuma aka gyara shi ta wata hanyar doka da har yau ban gane ba. Kada wani ya karanta wannan ya ce haka nasa zai kasance. Madam ta ce kowace magana da irin tata, akwai waɗanda ba su yi sa'ar da muka yi ba.

Da izinina ta ba da labarin a taronsu na wata, ba suna. Ina bayan ɗaki ina zuba kofi, ina jin ana gardama a kaina, Mista Haruna yana cewa a ɗaga murya ba ya ji. Daga nan suka ƙara tambaya a takardar da suke ba duk wanda ya zo zaman Lahadi: cikin yaran gidanka akwai wanda kake riƙo na ɗan'uwa? Suka ce in riƙa yi musu tafinta. Mutanenmu suka fara zuwa, da ɗaiɗai, suna waige-waige. Yau zaman ya kai wuri uku, akwai masu fassara na harsuna da yawa, Mista Haruna ya rasu, Madam ta yi furfura. Alhaji Ɗanjuma ma ya zo wata Lahadi, ya ce wai maganar wani abokinsa ce.

Kulu ta dawo gida da azumi, ta shiga kicin ta kama wa Rabi aiki kamar jiya ta fita. Ta koma ce mini Baba. Yanzu tana da aure da 'ya mace. Ranar suna, bayan mutane sun ragu, tana riƙe da jaririyar, ta ce da ni da Hausa, a hankali don kada ta yi kuskure:

“Baba, da aka ɗauke ni, ta yi kuka?”

Na ce ina zaure.

Ba ta sake tambaya ba, ni kuwa tambayar ba ta bar ni ba. Gwaggo ta rasu, duk matan da suke cikin gida ran nan sun rasu. Saura mutum ɗaya da ta sani, in tana da rai. Don haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya kai gare shi, musamman mutanen zangon Kumasi da na Tamale, da masu fataucin albasa tsakanin Nijar da Gana. Sunanta Zinatu, daga ƙauyukan gabas da Tasawa, doguwa ce, tana da wushirya, yanzu za ta haura sittin. Mijinta na biyu ana ce masa Ɗan Galmi, ban san sunansa na yanka ba. Wanda ya san inda take, ko inda aka binne ta, ya faɗa wa mutanen Nijar na Highbridge, za su kawo mini. In tana raye, kada a tsorata ta, ba maganar kotu ba ce, an gama wannan. A ce mata 'yarta tana lafiya, tana jinyar marasa lafiya, ta haihu. A ce mata ƙanen Habu ne yake nema, yana so ya yi mata tambayar da ya kamata ya yi tun ranar, kafin a fito da yarinyar.